Likitata kullum sai ta sauya salo: magani take min ko lalube?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce mai shekara 34, da 'ya'ya biyu. Bara Allah Ya yi wa mahaifiyata rasuwa bayan doguwar rashin lafiya, kuma ni ce na yi jinyarta har ƙarshe. Bayan 'yan watanni sai wani abu ya fara kama ni: haka kawai zuciyata ta shiga bugawa da ƙarfi, numfashina ya sarƙe, gumi ya keto min, in ji kamar yanzu zan mutu. An auna zuciyata da jinina a asibiti, aka ce lafiyata ƙalau, firgici ne, aka haɗa ni da wata likitar halayyar ɗan Adam mai yin magani ta hanyar tattaunawa.

Da farko ta ba ni littafi in riƙa rubuta abin da ya zo min a rai duk lokacin da abin ya taso, da wasu ayyukan da zan riƙa yi a gida. Gaskiya ban cika yi ba. Wata rana muna cikin magana na ambaci Mama, kuka ya ƙwace min. Tun daga ranar ta ajiye maganar littafin, muka koma zancen Mama da yadda nake ganin kamar ban kyauta mata ba a kwanakinta na ƙarshe. Har wasiƙa ta sa na rubuta mata. Yanzu kuma ta ce tana son maigidana ya zo zama ɗaya. Ƙawata da ke zuwa wajenta saboda waswasin wanke hannu ta ce ita tsari ɗaya suke bi tun ranar farko, ba a taɓa sauya mata komai ba. Maigidana ya ce likitar da ta san aikinta ba ta tsalle-tsalle, wannan lalube take yi da ni, in daina ɓarnar kuɗi. Barci ya dawo min, firgicin ya ragu, amma har yau ba na iya fita ni kaɗai. Ina jin nauyin in tambaye ta. In daina zuwa ne, ko in nemi wata?

Daga wata 'yar'uwa, an sakaya suna.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya jiƙan Mama da rahama, ke kuma Ya saka miki da alheri kan jinyar da kika yi mata. Bari in fara ba ki amsar da kika nema kai tsaye: kada ki daina zuwa, kada kuma ki nemi wata tukuna. Abin da kika bayyana bai yi min kama da lalube ba. Ya fi kama da aikin likitar da ke kallon wadda ke zaune a gabanta, tana sauraron abin da ta zo da shi ranar. Sai dai na ga abu biyu da suka rage a tsakaninku. Bayanin da ya kamata ki samu ba ki samu ba, sannan akwai aikin da aka fara aka bar shi rabi. Dukansu kuwa tambaya ce ke gyara su, wannan tambayar da kike jin nauyin yi.

Maganin tattaunawa hanyoyi ne da yawa, kowace da asalinta da abin da ta fi ƙwarewa a kai. Littafin da ta fara ba ki daga hanyar da aka fi sani da CBT ya fito, wato gyaran tunani da ɗabi'a. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Aaron Beck, yana cikin waɗanda suka aza harsashinta a shekarun 1960, bayan ya lura cewa masu ciwon damuwa akwai wasu tunane-tunane da ke faɗo musu da kansu, su kuma su gaskata ba tare da sun bincika ba. A 1986 wani masani ɗan Ingila, David Clark, ya fayyace yadda irin firgicinki ke aiki. Zuciya ta ɗan buga da sauri saboda gajiya ko hawan bene ko wani tunani da ya gifta, sai rai ya fassara bugun da cewa mutuwa ce ta zo. Tsoron ya sa jiki ya shiga shirin gudu, bugun ya ƙaru, numfashi ya yi sama, fassarar nan ta ƙara kama da gaskiya. Cikin mintuna kaɗan abin ya kai ƙololuwa. Amfanin littafin shi ne ki kama wannan fassarar tana cikin faruwa, ki gwada ta ki ga ko gaskiya ce. Ga wadda ta zo da kukan firgici, farawa da wannan daidai ne.

Amma ranar da kuka ya ƙwace miki, likitar ta ga abin da ba ta gani ba a farko. Firgicin bai faɗo daga sama ba. Ya zo wa macen da ta zauna a gefen gadon mahaifiyarta tana kallon numfashinta har ya ɗauke, kuma take ɗauke da zargin kanta ita kaɗai. Ki yi tunani, ƙanwata, da a ce ranar ta miƙo miki hankici ta ce to, mu koma shafin da muka tsaya, ya za ki ji? Ina kyautata zaton da ba ki sake komawa ba. Abin da ta yi maimakon haka shi ma yana da tushe. Akwai hanyar da Gerald Klerman da Myrna Weissman suka tsara a shekarun 1970, wadda ke duba ciwon rai ta fuskar alaƙar mutum da mutanensa, kuma rasuwar makusanci na ɗaya daga cikin abubuwa huɗu da take aiki a kansu. Sauran su ne saɓani da na kusa, sauyin matsayi a rayuwa, da ƙarancin abokan hulɗa. Rubuta wa mamaci wasiƙa kuwa dabara ce sananniya a wannan fage, don abin da ba a samu damar faɗa ba ya sami wurin fita. Barcin da ya dawo miki ba ƙaramin abu ba ne, kada ki raina shi.

Wannan ɗauko daga nan a haɗa da na can, masana sun daɗe suna muhawara a kansa. Akwai lokacin da kowace makaranta ta masu bin hanya ɗaya ke ganin ita kaɗai ce a kan daidai: mabiya Sigmund Freud suna tonon ƙuruciya, masu gyaran ɗabi'a suna cewa ɓata lokaci ne, mabiya Carl Rogers suna cewa sauraro da tausayi da karɓar mutum yadda yake su ne ginshiƙi. A 1967 wani masani mai suna Arnold Lazarus ya fito ya ce likita na iya aron duk dabarar da bincike ya nuna tana aiki, daga kowace makaranta take, ba sai ya yi mubaya'a ga aƙidar makarantar ba. A wannan shekarar kuma Gordon Paul ya ce tambayar da ta dace ita ce: wane magani, daga hannun wa, ya fi dacewa da wannan mutumin mai wannan matsalar a cikin wannan halin? Daga baya, a 2005, Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka ta fitar da matsayarta cewa aiki mai inganci shi ne wanda ya haɗa abu uku: mafi kyawun abin da bincike ya tabbatar, ƙwarewar likita, da yanayin mara lafiya, har da al'adarsa da abin da ya fi so. Don haka likitar da ta daidaita hanya da mutum ba ta sauka daga layi ba.

Duk da haka ba zan ce maigidanki ya yi maganar banza ba. Mutum ne da ya ga matarsa ta sauya, ya ga wata da watanni ana zuwa ana dawowa, kuma har yau ba ta iya fita ita kaɗai. Abin da ya sani game da asibiti shi ne a gano ciwo, a rubuta magani, a sha, a warke. Kuma tsoronsa yana da gindi, domin akwai masu gauraya hanyoyi ba bisa ilimi ba. Yau su karanta wani abu su gwada a kanki, mako mai zuwa su ji wani su sauya, ba wanda aka bi har ya nuna amfaninsa. Daga waje, mai sassauci da mai lalube kamanninsu ɗaya, dukansu sauyawa suke yi. Bambancin yana fitowa ne idan an tambaye su dalili. Mai sassauci za ta iya gaya miki, da kalmomin da za ki gane, yadda ta fahimci matsalarki, me ya sa ta ajiye wancan ta ɗauko wannan, ina kuka dosa, kuma da me za ku gane an samu ci gaba. Mai lalube sai kame-kame, ko ta ji haushin an tambaye ta.

Labarin ƙawarki ma, a wurina, shaida ce mai goyon bayan likitar. Waswasi yana da maganin da aka san shi da shi tun 1966, lokacin da Victor Meyer ya gwada shi a Landan: a sa mutum ya fuskanci abin da ke tayar masa da waswasin mataki-mataki, a kuma hana shi yin abin da ya saba yi don samun sauƙi, kamar wanke hannun, har jiki ya koyi cewa tashin hankalin yana sauka da kansa. Wannan hanya tana buƙatar a tsaya a kanta. Idan aka riƙa sassauta wa mai waswasi, ana kwantar masa da hankali duk lokacin da ya nema, ciwon ake ciyarwa. To likitar da ta tsare wa ƙawarki tsari ɗaya, ke kuma ta buɗe miki ƙofar yin kukan mahaifiyarki, alama ce ta san inda ake riƙewa da inda ake saki. Ina ba ki shawara ku rage kwatanta zamanku ke da ƙawar taki. Ku ƙarfafa wa juna gwiwa, amma abin da ya dace da ita ba lallai ya dace da ke ba. Kada kuma ki tambayi likitar game da ita, domin amanar da ta hana ta faɗa miki sirrin ƙawarki ita ce ke tsare naki.

Yanzu ga inda damuwata take, kuma ina so ki saurare ni da kyau. Rashin iya fita ke kaɗai ba ya cika tafiya da zance kawai, komai daɗin zancen. Duk ranar da kika fasa fita saboda tsoron kada abin ya kama ki a hanya, kina samun sauƙi nan take, amma ƙwaƙwalwa tana ɗaukar darasin cewa da kin fita da wani abu ya faru. Haka tsoron ke ƙara kafuwa, duniyar mutum tana ta ƙanƙancewa. Maganinsa shi ne fuskanta a hankali, bisa tsari: tsayuwa a ƙofar gida, tafiya zuwa ƙarshen layi da rakiya, sannan ba rakiya, sannan wuri mai ɗan nisa, ana maimaita kowane mataki har tsoronsa ya yi laushi. Wani lokaci ma likita kan sa a tayar da bugun zuciyar da gangan a gabanta, ta hanyar ɗan gudu a wuri ɗaya ko hawa da saukar bene, don jiki ya koyi cewa bugun ba mutuwa ba ne. Wannan shi ne aikin da aka fara da littafin nan, aka ajiye. Ajiyewar na iya zama hikima, don a fara sauke nauyin da ya fi danne ki. Amma ajiyewa daban, mantawa daban. Dole a dawo gare shi.

Akwai kuma naki kason, kuma ba don in zarge ki nake faɗa ba. Kin ce ba ki cika yin aikin gidan ba. Me ya hana? Gajiya ce da hidimar yara? Ba ki gane yadda ake yi ba ne? Ko kuwa rubuta tunanin da kansa yana tayar miki da firgicin, sai kike kauce masa? Kowace amsa da gyaranta, kuma ke kaɗai kika san ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likita ba ta iya daidaita miki hanya da abin da ba ki faɗa mata ba. Idan rubutu ne ke ba ki wahala, ana iya naɗar murya a waya. Idan yawa ya yi, a rage zuwa layi biyu a rana.

To me za ki yi? Kafin zama na gaba ki rubuta tambayoyinki a takarda, don nauyin baki kan kama mutum idan ya shiga ɗakin. Da kin zauna, kafin a shiga wata magana, ki ce mata: "Likita, akwai abin da nake so in fahimta. Mun fara da littafi, muka koma maganar Mama, yanzu kina son maigidana ya zo. Ya kike ganin matsalata, kuma ya waɗannan suke haɗuwa? Har yanzu ba na iya fita ni kaɗai, yaushe za mu yi aiki a kan wannan?" Idan kin ji ba za ki iya furtawa ba, miƙa mata takardar kawai. Wannan ba rashin kunya ba ne, ba kuma raina iliminta ba ne. Wani masani, Edward Bordin, ya bayyana a 1979 cewa haɗin kan likita da mai neman magani yana tsaye ne a kan abu uku: yarda a kan inda aka dosa, yarda a kan ayyukan da za a yi don isa can, da amana a tsakani. Bincike mai yawa tun daga lokacin ya nuna cewa ƙarfin wannan haɗin kai yana tafiya tare da samun sauƙi, kowace hanya aka bi. Ke da likitarki kuna da amana, shi ya sa kika iya yin kuka a gabanta. Biyun farko ne ke buƙatar a zauna a kansu.

Sannan ki nemi a riƙa aunawa. Akwai gajerun takardun tambayoyi da likitoci ke amfani da su a ko'ina: PHQ-9 mai tambayoyi 9 don ciwon damuwa, makinta daga 0 zuwa 27, da GAD-7 mai tambayoyi 7 don fargaba, daga 0 zuwa 21. Cike su ba ya cin fiye da 'yan mintuna. Ke ma a gida ki riƙa lissafa sau nawa firgicin ya zo a mako, da wuri mafi nisa da kika iya zuwa ke kaɗai. Ku yi yarjejeniya cewa bayan zama huɗu zuwa shida za ku tsaya ku duba lissafin tare. Wannan zai ba ki abin riƙewa a hannu, ya kuma ba maigidanki amsar da ta fi "ina jin sauƙi-sauƙi".

Game da zuwansa, ni ina goyon baya, amma da sharaɗi. Ki fara tambayar likitar me take son cimmawa da zaman, ku kuma tsayar da abin da za a faɗa a gabansa da abin da zai tsaya tsakaninku. Wasiƙar da kika rubuta wa Mama taki ce, ba wanda zai ji abin da ke cikinta sai da izininki. Amfanin zuwansa babba ne. Masoyin mai firgici yakan taimaka ta hanyar da ke tsawaita ciwon ba tare da ya sani ba: ko ya riƙa raka ta ko'ina yana ɗauke mata duk wata fita, ko ya riƙa cewa ta daure kawai ai ba komai ba ne. Zama ɗaya na iya koya masa tsakiyar waɗannan biyun. Kuma shakkun da yake faɗa miki a gida, can ne wurin faɗarsu. Ki ce masa: "Na ji damuwarka, ni ma na yi wannan tambayar. Zo ka ji daga bakinta, ka tambaye ta duk abin da kake so." Namijin da aka ba shi gurbi a cikin maganin ya fi wanda aka bari a waje yana biyan kuɗi kawai sauƙin haƙuri.

Idan kuma kin yi tambayar aka yi miki kame-kame, ko aka nuna miki ba ki da hurumin tambaya, ko wa'adin da kuka ɗiba ya cika lissafi bai motsa ba kuma ba wani sabon tsari, to a nan kina da cikakken haƙƙin neman wata. Ki nemi wadda ta sami horo na musamman a CBT don firgici, ki tambayi rajistarta da hukumar da ke kula da masu wannan aiki, ki kuma roƙi ta yanzu ta rubuta miki taƙaitaccen bayanin abin da kuka yi, don kada ki koma farko. Likitar kirki ba ta riƙe mutum, ita da kanta za ta tura ki inda ya fi. Abin da ba na so shi ne ki ɓace shiru. Wani babban nazari da Joshua Swift da Roger Greenberg suka wallafa a 2012, wanda ya tattara ɗaruruwan bincike, ya gano cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar yana barin maganin tattaunawa kafin a kammala. Mai barin wuri shiru yakan tafi da tunanin cewa maganin ne ba ya aiki, alhali wataƙila magana ɗaya ce ba a yi ba.

Akwai kuma zaɓin haɗawa da ƙwayoyi. Likitan ƙwaƙwalwa na iya rubuta maganin da ke rage firgici da damuwa, wanda yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma ana iya shan sa ana ci gaba da tattaunawar. Kada dai ki sayi wani maganin barci ko na kwantar da hankali da kanki, don wasunsu suna kama jiki, barinsu ya zama wata sabuwar matsala. Idan kuma wata rana kika ji tunanin cutar da kanki ko na gajiya da rayuwa, kada ki jira ranar zama. Ki faɗa wa maigidanki ko wani na kusa a take, ku tafi asibiti a ranar. Haka nan idan ciwon ƙirji ya zo miki da wata siga da ba ki saba ji ba, ko kika suma, a sake duba ki, kada a ce ai firgicin ne.

Ki yi maganar da maigidanki a cikin makon nan, lokacin da hankalinku ke kwance ba a tsakiyar gardama ba, ki kuma rubuta tambayoyin tun yau. Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ƙanwata.